Layin Dogo a Gindin Furanni

Jirgin ƙasa na gaske bai cika shekara ashirin da fara ɗaukar fasinja ba, maƙeran Birmingham a Ingila suka soma ƙera masa 'ya'ya. A shekarun 1840 ke nan. Ɗan kan jirgi ne na tagulla wanda hannu ɗaya ke ɗauka. A ɗura masa ruwa a tukunya, a kunna lagwanin sifirit a ƙarƙashinta, a jira tururi ya taso, sannan a sake shi a kan kafet ɗin falo. Dogo babu. Inda hancinsa ya fuskanta nan yake nufa, yana tafe yana zubar da ruwa, har aka yi masa laƙabi da mai dalala na Birmingham. In tsautsayi ya sa ya yi karo da ƙafar kujera sai ya kife, sifirit mai ci da wuta ya malale a ƙasa. Daga baya aka riƙa karkata ƙafafunsa na gaba don ya yi ta kewaya wuri ɗaya, amma dabarar ba ta hana ɗigar ruwa ba, balle ta kwantar da hankalin uwargida. Tun ran gini ran zane: abin nan da ɗaki ba za su daɗe suna shiri ba.

Layin dogo na wasa na farko da tarihi ya riƙe labarinsa sosai ma a waje aka shimfiɗa shi. A 1859 Napoleon na Uku, sarkin Faransa, ya sa aka yi wa ɗansa mai shekara uku a lambun fadar Saint-Cloud, kusa da Faris. Jirgin mai wani ne irin na agogo, dogon kuma ya naɗe kamar lamba 8. Fadar ta ƙone a yaƙin 1870, yariman kuma ajali ya kai shi ƙasar Zulu, inda aka kashe shi a 1879 yana tare da rundunar Ingila. Hoton dogon ne kawai ya rage.

Abin ɗan sarki ba ya zama na jama'a sai an sami ɗan kasuwa a tsakani. Ɗan kasuwar a garin Göppingen yake, a kudancin Jamus. Theodor Märklin, maƙerin ƙarfen gwangwani, ya buɗe shagonsa a 1859 yana yin 'yan tukwane da murhuna na ɗakin 'yartsana. Ya mutu a 1866, matarsa Caroline ta riƙe sana'ar, tana yawo gari gari tana tallar kayan, har 'ya'yansu Eugen da Karl suka karɓa. Daga kayan 'yartsana suka koyi wani darasi: wanda ya sayi ɗaki yau, gobe zai dawo neman kujera, jibi gado. A bajekolin Leipzig na 1891 suka kawo jirgi mai wani tare da dogo gunduwa gunduwa da ake harhaɗawa, kuma suka tsayar da faɗin dogon, suka sa wa kowane faɗi lamba. Mafi ƙanƙanta ita ce lamba 1, milimita 45 tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Ma'anar wannan a kasuwa ita ce taragon da ka saya bana zai hau dogon da ka saya bara, tashar da za ka saya baɗi kuma za ta yi daidai da su duka. Sauran kamfanoni suka bi sahu. Da aka zo yin wanda ya fi lamba 1 ƙanƙanta, aka duba babu wata lamba a ƙasa sai sifiri, aka kira shi 0, faɗinsa milimita 32.

A lura da girman kayan nan, don nan labarin yake. Kan jirgin lamba 1 mai kwaikwayon na babban layi ya haura rabin mita, in aka jona masa taragu biyar ko shida ya cinye tsawon ɗaki. Kuma dogo mai kama da na gaske ba ya lanƙwasa kamar maciji. Kwanar da za ta yi kyan gani tana bukatar da'ira mai faɗin mita biyar ko shida. Lamba 2 da 3 kuwa sai abin da ya ƙaru. Wanda ya ɗauki abin da gaske, in ba fada gare shi ba, dole ya buɗe ƙofa ya fita.

Mutumin da ya raba wannan harka da kayan wasan yara, ya mai da ita sha'awar magidanta, ɗan Northampton ne, W. J. Bassett-Lowke. Ya je babban bajekolin Faris na 1900, ya ga aikin Jamusawa, ya ƙulla da Stefan Bing na kamfanin Bing da ke Nuremberg: Ingila ta ba da zane, Jamus ta ƙera. Mai zanen shi ne Henry Greenly, injiniya wanda ya dage a kan cewa ɗan jirgi ya yi kama da wani jirgi na ainihi, tsawo da faɗi da launi, ba jirgin tatsuniya ba. Mujallar Model Engineer ta riga ta fara fita tun 1898, a 1910 kuma aka kafa kulob ɗin masu ƙananan jirage a Landan, wanda har yau yana nan. Likitoci da lauyoyi da limaman coci suka shiga haƙa lambunansu.

To, da suka fita sai suka tarar da abin da na ɗaki bai taɓa sani ba. A cikin ɗaki mutum ne mai iko da duniyarsa: dutsen takarda, kogin gilashi, ciyawar da ba ta tsiro. A waje kuwa kana iya rage jirgi sau 32, amma ruwan sama ba ya raguwa, iska ba ta raguwa, wuta da tururi ma haka. Kan wannan batu na ƙarshe aka yi gardamar da ta fi kowace shahara a tarihin abin.

Lissafin mai sauƙi ne. In ka rage tsawon tukunya da rabi, fatarta ta ragu sau huɗu, amma ruwan cikinta ya ragu sau takwas. Wato ƙaramar tukunya fata ta yi mata yawa, zafi na tsere mata da sauri, kamar yadda shayin ƙaramin kofi ke riga na buta hucewa. Saboda haka Greenly da Bassett-Lowke suka tsaya a kan cewa ɗan jirgi ba zai yi aiki da tukunya irin ta babba ba, wadda ake hura kwal a murhu, wuta ta ratsa bututu da yawa cikin ruwa. Abin da ya dace da shi, in ji su, tukunya mai sauƙi ce da wutar sifirit. Wani mutum da ke sa hannu a rubuce-rubucensa da haruffa huɗu, LBSC, ya ce sam. Sunan da ya rayu da shi Lillian Lawrence, abokai na kiransa Curly, haruffan kuma na kamfanin jirgin da ya yi wa aiki ne yana saurayi, mai zirga-zirga tsakanin Landan da Brighton. Bai yi karatun injiniya ba, amma ya sha hayaƙin kwal a kan jirgi na gaske, kuma ya ce abin da ya yi aiki a babba zai yi a ƙarami, in dai an san yadda za a ja iska ta cikin wutar. Aka yi ta musayar wasiƙu a mujalla, kowa na kare nasa da zafi.

Inda ba ƙasa nan ake gardamar kokawa. A bajekolin Model Engineer na 1924 aka shimfiɗa dogo mai faɗin inci biyu da rabi. Ɓangaren Bassett-Lowke suka kawo kan jirgi mai suna Challenger, zanen Greenly, mai cin sifirit. LBSC ya zo da nasa mai cin kwal, wanda ya ƙera da hannunsa, ya raɗa masa suna Ayesha. Kada mai karatu ya ɗauka wata A'isha ce ta kusa da shi. Sunan wata sarauniya ne a littafin marubuci Rider Haggard. Wa ya ci gasar? Magoya bayan kowane ɓangare sun tashi suna cewa nasu ne. Abin da ba a yi musu a kansa ba shi ne mutane sun gani da idonsu 'yar na'urar da ake rungumewa a hannu, da garwashin da bai fi cikin tafi ba, tana jan ƙaton mutum zaune a tarago. Daga ranar LBSC ya zama malamin masu ƙira a gida. Ya yi shekara arba'in da wani abu yana rubutu a mujallu har mutuwarsa a 1967, ya zana kan jirgi sama da ɗari, yana bayani dalla dalla cikin harshen leburori, yadda makanike ko direban bas mai ɗan injin gurzar ƙarfe a rumfa zai bi ya ƙera nasa. A ganina shi ne ya fi kowa yi wa harkar hidima, domin Bassett-Lowke masu kuɗi ya sayar wa, shi kuwa LBSC masu hannu ya koyar.

Sai labarin Roland Callingham, wanda duk mai ba da wannan tarihi ke jin daɗin isowa gare shi. Akanta ne a Landan, mai wadata, gidansa a Beaconsfield. Jiragensa sun yi ta mamaye gidan har, kamar yadda masu kula da wurin ke bayarwa, a wajen 1928 matarsa ta ba shi zaɓi: ko jirage su fita, ko ita ta fita. Jirage suka fita. Faɗuwa ta zo daidai da zama, don yana da fili, yana da mai kula da lambu, Tom Berry, yana kuma da aboki a Ascot, James Shilcock, wanda shi ma ciwon jirgin ya kama. Kamfanin Bassett-Lowke ya taimaka aka shimfiɗa dogo lamba 1. Jirgi na bukatar tasha, tasha na bukatar gari, gari na bukatar coci da kasuwa da makaranta. Ma'aikatan gidan, har da mai dafa abinci da direba, suka koma magina. Kududdufin ninƙaya ya zama teku mai tsibirai. Aka haɗa sunayen garuruwan abokan biyu aka sami Bekonscot, aka buɗe wa jama'a a 1929.

Callingham bai nufi cin riba ba. Abin da aka tara a ƙofa sadaka yake tafiya, kuma haka aka ci gaba bayan mutuwarsa a 1961, har kuɗin da aka bayar suka kai miliyoyin fam. A watan Afrilun 1934 aka kawo Gimbiya Elizabeth ta Ingila, ana gobe za ta cika shekara takwas, jaridu suka ɗauka, daga nan wurin ya yi suna. Filin eka ɗaya da rabi ne. Gine-ginen an rage su sau 12, jiragen kuwa wajen sau 32, abin da ke nufin in da mutanen garin za su motsa, ba mai iya shiga tarago ko da rarrafe. Miliyoyin baƙi sun wuce ta wurin, ƙalilan ne suka lura, domin ido a lambu ba ya awo, kallo yake. Babbar tashar sunanta Maryloo, haɗin Marylebone da Waterloo na Landan, kuma ɗakin siginarta na da sandunan ƙarfe na gaske da aka kwaso daga layin dogo na ainihi. Akwai wani gida mai jinka da ke tashi da hayaƙi kullum, 'yan kwana-kwana na fama da shi, shekara da shekaru bai ƙone ba bai mutu ba. A 1992 masu wurin suka yanke shawarar mai da komai kamannin shekarun 1930, suka tsayar da agogo a nan.

Abin mamaki, lokacin da Bekonscot ke tashe shi ne lokacin da jirgin lambu ya fara mutuwa. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya yanke cinikin Jamus da Ingila, Frank Hornby na Liverpool ya cike giɓin da jirage lamba 0 a 1920. A 1922 Bing ya fito da jirgin da ke zama a kan tebur. Injin lantarki ya yi ta ƙanƙancewa, gidajen birni ma haka. A 1935 Märklin ta shiga yin rabin lamba 0, milimita 16.5, wanda aka fi sani yanzu da H0, jiragen Hornby suka bi a 1938. Mutum na iya gina gari sukutum a kan allo ɗaya, ya tura shi ƙarƙashin gado, ba ruwansa da sanyi ko tsatsa. Wa zai fita ya durƙusa cikin taɓo? Kamfanin Bing ya durƙushe a 1932, Stefan Bing, da yake Bayahude ne, daga baya ya tsere wa 'yan Nazi zuwa Ingila. Bayan yaƙi na biyu lamba 1 ta kusa ɓacewa daga shaguna gaba ɗaya. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare: a 1947 wasu 'yan tsiraru a Ingila suka kafa ƙungiyar masu dogo lamba 1, suna ziyartar lambunan juna, kowa ya zo da kan jirginsa a akwati, abin da babu a kasuwa su ƙera da kansu. Su suka riƙe wutar kusan shekara ashirin.

A wancan ƙetaren, a Amurka, wani malamin makaranta mai koyar da sana'ar hannu, Herman Howard, ya fara nuna ƙananan jirage a bajekolin gundumar Los Angeles da ke Pomona tun 1924, a 1935 aka fitar da su fili, kuma layin na aiki har yau. Amma wanda aka fi ambata Walt Disney ne. A 1950 ya shimfiɗa dogo mai tsawon ƙafa 2,615 kewaye da gidansa, na jirgin da aka rage sau 8, wanda ake hawa a zauna a kai. Shi ma da uwargida ya yi karo: Lillian ta ce ba a taɓa mata wurin furanninta. Sai ya haƙa rami mai tsawon ƙafa 90 ya bi ta ƙarƙashinsu, ya sa wa kan jirgin suna Lilly Belle don lallashi, har ya sa lauya ya rubuta takardar izinin wucewa suka sa hannu. A 1953 wani baƙo ya shiga kwana da gudu, jirgin ya kife, tururi ya ƙona wata yarinya, Disney ya rufe layin. Bayan shekara biyu ya buɗe Disneyland, da layin dogo kewaye da ita.

Farfaɗowar ta zo daga inda ba a zata ba. Kamfanin Ernst Paul Lehmann, wanda aka kafa a Brandenburg a 1881, ya yi suna da kayan wasa na gwangwani. Bayan yaƙi garin ya faɗa yankin da Rasha ke iko, aka ƙwace masana'antar a 1948. Mai ita, Johannes Richter, ya koma Nuremberg ya sake farawa daga tushe. 'Ya'yansa biyu, Eberhard da Wolfgang, su suka yi kasadar. A lokacin da kowa ke tseren ƙanƙantawa, har an kai dogo mai milimita 9, su sai suka juya baya suka nufi girma. A bajekolin kayan wasa na Nuremberg na 1968 suka fito da LGB, haruffan farko na kalmomin da ke nufin babban jirgin Lehmann.

Dabara biyu suka haɗa. Ta farko kayan aiki: jikin roba mai jure rana da ruwa, dogon tagulla mai kauri da ba ya tsatsa, injin lantarki a rufe cikin akwati, wutar kuma 'yar kaɗan ce da ba ta wuce bolt ashirin da 'yan kai ba, yaro na iya dafa dogon ba abin da zai same shi. Ta biyu ta fi wayo. Sun ɗauki tsohon faɗin nan na milimita 45, amma maimakon ya tsaya a madadin babban layi mai milimita 1,435, sai suka ce a ɗauke shi a matsayin siririn dogo mai mita ɗaya, irin na ƙauyuka da duwatsu. Da haka jirgin ya zama an rage shi sau 22.5 kacal, ya fi na lamba 1 jiki da tsayi, amma gajere ne, kuma tun asali irinsa an yi shi ne don matsattsun kwanoni. Da'irar LGB mafi ƙanƙanta faɗinta mita 1.2. Matsalar fili da ta addabi mutane tun zamanin Greenly ta kau.

Kan jirginsu na farko sunansa Stainz, kwaikwayon wani ɗan guntu mai ƙafa huɗu da aka ƙera a 1892 don wani layin karkara a Ostiriya. Faɗin wancan layi milimita 760 ne. Dattawan Zariya da Jos da suka san ƙaramin jirgin kuza, wanda aka gama shimfiɗa dogonsa zuwa Bukuru a 1914 aka rufe a 1957, sun san irin wannan jirgi, don nasu milimita 762 ne, bambancin bai kai kaurin tsinken ashana biyu ba. Mai lura zai ce: to ai 760 ba mita ɗaya ba ce. Haka ne. Tun jirgin farko Lehmann ta nuna ba ta ɗauki awo da tsanani ba, har masu tsattsauran ra'ayi a Jamus ke yi mata ba'a da ma'aunin roba, mai miƙewa yadda aka ja shi. Ba'ar ba ta hana ciniki ba. Daga baya ma kowa ya ja robar ta inda ya so: a kan dogo ɗaya mai milimita 45 akwai masu rage jirgi sau 32, akwai masu 29, akwai Amurkawa masu 20.3 don layinsu mai ƙafa uku. Wanda zai kwaikwayi tsohon jirgin Legas zuwa Kano, mai dogon milimita 1,067, lissafinsa zai faɗa wajen sau 24.

Shekarar 1968 ɗin nan a riƙe ta. A watan Agustanta ne jirgin tururi ya yi tafiyarsa ta ƙarshe a babban layin gwamnatin Birtaniya, bayan rahoton Beeching na 1963 ya sa an rufe dubban mil na ƙananan layuka. Jamus ta Yamma ta kashe wutar nata a 1977. Mutanen da suka tashi da ƙarar usur da warin kwal suka wayi gari babu. Ba na jin haɗuwar lokacin nan banza ce. A Wales 'yan sa kai sun riga sun ceto layin Talyllyn a 1951, sannan na Ffestiniog, siraran layukan da a da ke sauko da allunan dutse na rufin gida daga tsaunuka. Masu zuwa hutu suka gani, suka koma gida da sha'awa. Daga nan aka sami salon Ingila na musamman: milimita 16 a madadin ƙafa ɗaya, wato ragi sau 19, a kan dogo mai milimita 32, kuma da tururi na gaske. Ƙungiyarsu ta kafu a 1977. Kamfanin Mamod ya kawo mai araha, Roundhouse na Doncaster ya fara a 1982, aka koma hura wutar da gas, ana sarrafa jirgin da rediyo daga nesa. A Japan wani kamfani mai suna Aster, da ke ƙera injin lissafin kuɗi na kanti, ya ga na'urorin lantarki sun kashe masa kasuwa, sai a 1975 ya juya ma'aikatansa ga ƙera jiragen tururi lamba 1. A Amurka Marc Horovitz ya fara mujallar Garden Railways a Denver a 1984, kuma Amurkawa ne suka fi ba ɓangaren lambun haƙƙinsa, suna neman itatuwa masu ƙananan ganye suna yi musu aski don su yi daidai da jirgi. Tun 1992 lambun tsirrai na New York ke nuna aikin Paul Busse a ƙarshen kowace shekara, gadoji da gine-ginen birnin da aka yi da ɓawon itace da ƙirare da ganye.

Duk wannan ci gaba bai sauke wa mai layi aikin da ke kansa ba, kuma in ka saurari masu abin za ka ji aikin suke so. Kafin jirgi ya motsa, sai an bi dogon a ƙafa. Ganye ɗaya da ya faɗo, a idon jirgin da aka rage sau 22.5, tabarma ce shimfiɗe a kan hanya. Tsinke gungume ne. Kyanwar maƙwabta ta fi giwa tsayi, kuma ta fi son kwanciya a cikin ramin da jirgi ke bi. Dodon koɗi ya hau dogo ya kifar da tarago. Tururuwa su kwashe tsakuwar da aka zuba a gindin katako. Sanyin hunturu ya daskarar da ruwan cikin ƙasa, ƙasa ta kumbura ta ɗaga layin, in bazara ta zo sai an sake daidaita shi da ma'aunin ruwa irin na magina. Rana kuma ta miƙar da ƙarfe: dogon tagulla mai mita 10, in zafi ya ƙaru da digiri 30, yana ƙara kusan milimita 6, wanda ya isa ya gantsare layi in ba a bar 'yar tazara a mahaɗa ba. Hawa ba a so ya wuce biyu ko uku cikin ɗari, musamman ga mai tururi, wanda kan tsaya cak a hawa ya kuma zabura a gangara. Mai jan wuta ta dogo sai ya goge ƙarfen kafin kowace tafiya, shi ya sa da yawa suka koma batir. Ramin da ya fi tsawon hannu biyu kuskure ne, don jirgi ya san inda hannu ba ya kaiwa, kuma nan yake zaɓa ya sauka daga dogo. Akwai masu ɗaura wa kan jirgi garmar ture dusar ƙanƙara, su fito da sassafe cikin rigar sanyi su buɗe hanya, alhali ba fasinjan da ke jira.

Ƙorafe-ƙorafen nan, in ka cire batun kyanwa, su ne na injiniyan layin dogo na gaske: magudanar ruwa, tushe, hawa da gangara, miƙewar ƙarfe, ciyawa. Shi ya sa da yawansu ba sa son a kira abin kwaikwayo. Sukan ce layin dogo ne, ƙarami dai. Har gardamar tsayi suna yi. Mai tururi ya fi son a ɗaga layin kan ginshiƙai ya kai ƙugu, don ya sa ruwa da mai ba tare da durƙuso ba, mai son lambu kuwa ya ce jirgin da bai taɓa ƙasa ba ba jirgin ƙasa ba ne. Shekaru ne ke raba gardamar, don gwiwa na da nata ra'ayin. Kowa dai da kiwon da ya karɓe shi.

Kamfanin da ya dawo da jirgi lambu bai tsira ba. Masu gasa daga Amurka da ke ƙera kayansu a Sin, irin su Bachmann, sun karya farashi, yara kuma suka koma ga allon kwamfuta. A 2006 Lehmann ta kasa biyan bashi, bayan shekara 125 da kafuwa. A 2007 aka sayar da sunan LGB, aka kwashe aikin daga Nuremberg zuwa garin Győr a Hangari. Mai sayen Märklin ce ta Göppingen, wadda ita ma ta durƙusa a 2009 kafin kamfanin Simba Dickie ya ɗauke ta a 2013. Har yanzu ana ƙera Stainz, kuma dogon da yake hawa faɗinsa milimita 45 ne, wanda 'ya'yan Caroline suka kai Leipzig a 1891.